Tambaya da Amsa: Yadda Ake Kwaso Bidiyo Daga DVR Zuwa Kwamfuta

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru: na'urar naɗar bidiyo da aka fi sani da DVR, da yadda za a fito da abin da ta naɗa a zuba a kwamfuta. Yawancin masu tambayar ta kyamarorin tsaro suke nufi, mutum ɗaya ne ya yi maganar ta talabijin. Mun taƙaita dogayen tambayoyin, masu kama da juna kuma mun haɗe su wuri ɗaya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da DVR mai kyamara takwas. Na samo wayar USB mai kai iri ɗaya gaba da baya, na soka ɗaya a DVR, ɗaya a kwamfutar tafi-da-gidanka, amma ko motsi ba ta yi ba. Wayar ce ba ta da kyau, ko akwai manhajar da zan saka?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, fara zare wayar nan kafin ka ci gaba da karatu. Wayar lafiyarta ƙalau, kuma babu manhajar da za ta gyara lamarin, domin tun asali ba a yi kafar USB ta DVR don wannan aikin ba. A tsarin USB dole ne ɗaya ya zama mai ba da umarni, ɗaya mai karɓa. Kwamfuta mai ba da umarni ce, filash da linzami masu karɓa ne. To ita ma DVR ƙaramar kwamfuta ce mai zaman kanta, yawanci Linux ne a cikinta, kuma kafofinta na USB na ba da umarni ne, an tanade su don linzami da filash. Sarki biyu ka haɗa a gari ɗaya, kowanne yana jiran a yi masa fadanci. Ba nan abin ya tsaya ba: kowace kafa tana fitar da wuta mai ƙarfin 5V, wato wuta kake turawa ta ɓangarorin biyu a cikin waya ɗaya. Wani lokaci a tsira, wani lokaci kafar ta ƙone.

Mun san daga nan hankali kan koma kan wayar HDMI. Ita ma ba za ta yi ba. Kafar HDMI ta kwamfuta fitar da hoto take yi, ba ta karɓa, ta DVR ma haka. Sai an sa 'yar na'urar kama hoto a tsakani, mai HDMI a gefe ɗaya da USB a ɗaya gefen, kuma ita ɗin ba fayil take kwafowa ba, abin da ke fitowa a allo take sake naɗa. Bidiyon awa uku, zaman awa uku.

Hanyoyin da ke aiki su ne filash, da wayar sadarwa da ake kira wayar LAN. Akwai kuma cire faifan ajiya, wanda ba a zuwa gare shi sai an rasa yadda za a yi.

Tambaya: Ni sabon shiga ne a sana'ar haɗa kyamarori. Inda na yi aiki babu intanet, babu rauta. Ko zan iya haɗa DVR da kwamfuta kai tsaye da wayar LAN?

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa, intanet ba ta da hannu a wannan aikin. Samu waya Cat5e ko Cat6 mai kan RJ45 gaba da baya, kada tsawonta ya wuce mita 100. A da sai an yi wa wayar haɗi na musamman, a musanya layukan aikawa da na karɓa, kafin na'ura biyu su yi magana kai tsaye. Yanzu kusan duk kafar kwamfuta tana juya layukan da kanta, kuma ɓangare ɗaya ya iya haka ya wadatar. Idan kwamfutarka siririya ce marar kafar LAN, adaftar USB zuwa RJ45 za ta yi. Da ka soka, duba 'yan fitilun da ke bakin kafar. In ba su kama ba, kada ka ɓata lokaci a saituna, waya ce ko kanta da ba a matse da kyau ba.

Inda aikin yake shi ne adireshi. Rauta ce ke raba wa na'urori adireshin IP, tunda kuwa babu ita, kai ne za ka raba da hannunka. Sa allo da linzami a DVR, shiga sashen "Network", sannan "TCP/IP". Cire alamar da ke kan DHCP, wato karɓar adireshi kai tsaye daga rauta, ka rubuta adireshi, misali 192.168.1.108, da 255.255.255.0 a gurbin "Subnet Mask". A kwamfuta mai Windows, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta ncpa.cpl, danna dama a kan "Ethernet", zaɓi "Properties", buɗe "Internet Protocol Version 4", ka sa 192.168.1.50 da 255.255.255.0. Gurbin "Gateway" ka bar shi fayau.

Ƙa'idar ita ce lambobi ukun farko su zama iri ɗaya, ta ƙarshe ta bambanta, kuma ta faɗo tsakanin 1 da 254. Kamar gida biyu ne a layi ɗaya, sunan layin ɗaya, lambar ƙofa daban. Wanda ya ba kwamfuta da DVR lamba ɗaya sak ya jawo rikici, wanda ya sa ɗaya a 192.168.0 ɗaya a 192.168.1 kuma ya raba musu unguwa, ba za su ga juna ba ko da waya tana tsakaninsu. Kashe Wi-Fi na kwamfutar a lokacin aikin, musamman idan shi ma adireshinsa da 192.168.1 ya fara, don Windows na iya tura saƙon ta can.

Gwaji: buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, rubuta ping 192.168.1.108. Idan layuka huɗu suka dawo da "Reply from" tare da adireshin DVR ɗin, hanya ta buɗe. Idan "Request timed out" ko "Destination host unreachable" ka gani, rubuta ipconfig ka duba adireshin kwamfutar. Wanda ya fara da 169.254 yana nufin saitin da ka yi bai zauna ba, Windows ce ta ba kanta lamba don ba ta sami mai ba ta ba.

Idan babu allon da za ka sa wa DVR, na'urorin kamfanin Dahua yawanci da 192.168.1.108 suke fitowa daga masana'anta, na Hikvision 192.168.1.64, tsofaffinsu 192.0.0.64, masu amfani da manhajar XMEye kuma 192.168.1.10. Amma da wuya ka tarar wanda ya riga ka bai canza ba, don haka gara ka sa manhajar bincike: SADP ta Hikvision, ko ConfigTool ta Dahua. Suna gano na'urar ko da adireshinta yana wata unguwar. In sun dawo hannu rabbana, katangar tsaron Windows, wato "Firewall", ce ta tare su, ka ba su izini.

Daga nan sai ka shiga ta burauza da adireshin, ko ta manhajar kamfanin, wadda muka fi so. Za a nemi lambar ƙofar shiga, wato "Port", wadda ta bambanta da adireshi: a iVMS-4200 ta Hikvision ita ce 8000, a SmartPSS ta Dahua 37777, a na XMEye 34567, ta burauza kuma 80. Shiga "Playback", zaɓi kyamara da rana, sannan ka sauke, ko dai fayil-fayil yadda na'urar ta yayyanka su, ko ka sa lokacin farawa da na ƙarewa. Kafin ka fara, duba a saitunan manhajar wace jaka take zuba abin da ta sauke, don mutane da yawa sukan gama saukewa su shiga nema.

In ka gama, mayar da kwamfutar kan karɓar adireshi da kanta. Wanda ya manta, gobe zai soka waya a wani wuri ya ce intanet ta lalace.

Tambaya: Na shiga ta Chrome, na sa suna da kalmar sirri, shafin ya buɗe. Amma wurin bidiyo baƙi ne ƙirin, kullum sai ya ce in sauke wani abu in saka. Na saka ya fi sau biyar.

Amsa: Ko sau hamsin ka saka ba zai canza ba. Tsofaffin DVR sun dogara ne da wani ƙarin ɓangare da ake cusa wa burauza, ActiveX ko NPAPI. Chrome ta daina karɓar NPAPI tun 2015, Firefox ta bi bayanta a 2017, ActiveX kuma dama na Internet Explorer ne kaɗai, wanda Microsoft ta yi wa ritaya ranar 15 ga Yuni, 2022. Abin da ya rage shi ne yanayin Internet Explorer da ke cikin burauzar Edge. Shiga saitunan Edge, sashen "Default browser", ka ba da izinin sake buɗe shafuka a wannan yanayin, sannan ka buɗe adireshin DVR ɗin a cikinsa. Rufe burauzar gaba ɗaya kafin ka saka ƙarin ɓangaren, ka sake buɗewa bayan ya gama shiga.

Wani abu da ke biyo baya: saukewa ta nuna ta kammala amma jakar babu komai. Windows ce ta hana burauzar rubutu a wurin. Canza jakar zuwa wata da ka ƙirƙira da kanka, ko ka buɗe burauzar da ikon mai gudanarwa, wato "Run as administrator". Gaskiyar magana dai, manhajar kamfanin ta fi wannan wahalar sauƙi nesa ba kusa ba.

Tambaya: Wani abu ya faru kwana huɗu da suka wuce, ina so in kwashe bidiyon mako guda na duk kyamarori takwas in ajiye. Na fara saukewa tun safe, har yamma bai yi nisa ba. Faifan DVR ɗin 1TB ne. Me ke jawo wannan nawar?

Amsa: Hajiya, dakatar da saukewar nan yanzu, domin lokaci ba ya gefenki. Bari mu yi lissafi. Kowace kyamara tana da adadin bayanan da take naɗa a sakan ɗaya, za ki gan shi a saitunan naɗi da sunan "Bitrate". Ki ninka adadin megabit ɗin sau 450, zai ba ki megabait a awa. Kyamarar da ke kan megabit 2, wanda na'urar kan rubuta 2048 Kbps, tana cin kusan megabait 900 a awa, gigabait 21.6 a rana. Takwas irinta suna cin wajen gigabait 173 kullum. Idan haka naki saitin yake kuma dare da rana suke naɗa, faifan 1TB bai kai kwana shida ba yake cika. Da ya cika, na'urar sai ta koma farko tana taka mafi tsufa tana ɗora sabo. Ma'ana mako gudan da kike nema ba ya nan gaba ɗaya, ranar da abin ya faru kuma saura ƙasa da kwana biyu a shafe ta.

Nawar kuma ga dalilinta. Yawancin ƙananan DVR kafarsu ta LAN megabit 100 ce, wadda a aikace ba ta wuce megabait 11 a sakan. Ko da ta ba ki wannan gudun cif, bidiyon rana ɗaya na kyamara takwas zai ci fiye da awa huɗu. Ba ta ma bayarwa, domin tana sauke miki tana kuma naɗar kyamarori takwas a kan faifai ɗaya, kuma naɗin ne ke gaba a wurinta. In ta Wi-Fi kike yi, ko wasu suna kallo ta wayoyinsu a lokacin, abin ya ƙara ja baya.

Abin yi: fara kulle fayilolin ranar. A jerin bincike na na'urori da yawa akwai alamar kwaɗo a gefen kowane fayil, wanda aka kulle ba a taka shi. Sannan ki zaɓi kyamarar da ta ga abin da wadda ke kallon hanyar shigowa, ki yanki lokacin, ki ƙara minti 15 kafin da 15 bayan. Wannan a 'yan mintuna zai sauka. Sauran sai ki bi su a hankali, daga mafi tsufa zuwa sabo. Za ki iya kashe "Overwrite", saitin da ke sa ta taka tsohon bidiyo, na ɗan lokaci, amma ki sani faifan na cika naɗi zai tsaya cak, don haka kada ki manta ki mayar. Idan lamarin babba ne, a kashe na'urar a cire faifan a adana, a sa sabo ya ci gaba da aiki.

Ki kuma lura wane zubi kike saukewa. Na'urar tana da babban zubi mai cikakken kyau da ƙarami da aka rage don kallo ta waya. Ƙaramin yana saurin sauka, amma fuska da lambar mota sukan dagule a cikinsa.

Tambaya: Na soka filash mai gigabait 128, DVR ta ce babu komai a kafar. A kwamfuta kuwa yana aiki.

Amsa: Tsarin ajiyar filash ɗin ne ba ta gane ba. Manyan filash yawanci da exFAT suke zuwa, tsofaffin DVR kuma FAT32 suka sani, wasu da NTFS. Samu ƙarami, mai gigabait 16 ko 32, ka yi masa fomat na FAT32 a kwamfuta, ko ka bar DVR ɗin ta yi masa da kanta a shafin "Export" ko "Backup". Fomat yana share komai, ka fara kwashe kayanka. Shi FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, shi ya sa dogon yanki kan tsinke a tsakiya. Rage shi zuwa awa ɗaya ko biyu.

Faifan waje da ke shan wuta ta USB kan yi ƙara yana ɗaukewa a jikin DVR, saboda wutar kafar ba ta ishe shi ba, sai mai adaftarsa ta daban. Kada ka zare filash sai na'urar ta ce ta gama. Idan ta tambaye ka ko ta haɗa da manhajar kallo, ka amsa mata, 'yar ƙarama ce kuma za ta yi maka rana.

Tambaya: Fayilolin sun sauka, amma wasu ƙarshen sunansu .dav ne, wasu .264, kwamfuta ta ƙi buɗe su. Na wata na'urar kuma .mp4 ne, amma hoto ke fita babu murya.

Amsa: Tsarin bidiyon da ke ciki na kowa da kowa ne, H.264 ko H.265, mazubin da aka zuba shi ne na kamfani. Fayil ɗin .dav na Dahua ne da sauran na'urorin da aka gina a kan tsarinta, Smart Player ke buɗe shi. Na Hikvision kan zo da sunan .mp4 amma cikinsa ba irin MP4 ɗin da aka saba ba ne, VSPlayer ce tasa. VLC tana buɗe da yawa daga cikinsu. Ga .264 tsagwaro, idan ta ƙi, shiga cikakkun saitunanta, sashen "Demuxers", ka zaɓi na H264. Bayan ka gama ka mayar yadda yake, in ba haka ba sauran bidiyoyinka za su daina buɗewa. Canza ƙarshen sunan da hannu daga .dav zuwa .mp4 ba ya juya komai, tambarin buhu kawai ka sauya.

Don juyawa ba tare da an taɓa ingancin hoton ba, manhajar FFmpeg ce maganin, a rubuta wannan umarnin a cmd:

ffmpeg -i asali.dav -c:v copy -c:a aac sabo.mp4

Kalmar copy tana cewa a ɗauko hoton yadda yake a sauya masa mazubi kawai, shi ya sa aikin ke ƙarewa cikin daƙiƙoƙi. Ɓangaren aac kuma shi ne amsar tambayarka ta murya. Na'urorin tsaro da yawa suna naɗar sauti da G.711, tsarin wayar tarho, wanda manhajojin kallo na gama-gari ba sa karantawa a cikin MP4, sai an juya shi. In murya ke fita babu hoto, to yawanci H.265 ne, Windows ba ta da abin karanta shi sai an ƙara mata, VLC kuwa da nata take zuwa.

Idan bidiyon shaida ne da za a miƙa wa hukuma ko kotu, kada ka taɓa na asalin. Ajiye shi yadda ya fito tare da manhajarsa ta kallo, ka juya kwafi. Za ka iya ɗaukar hatiminsa da umarnin certutil -hashfile asali.dav SHA256, ka rubuta lambar da ta fito a takarda. Ko ɗigo aka canza a fayil ɗin, lambar za ta sauya. A lokacin fitarwa kuma ka ɗauki hoton allon DVR tare da agogon wayarka, domin agogon DVR yakan kauce da mintuna, kuma in ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan allon cikinta ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai ta koma wata tsohuwar shekara. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa wasu ke neman bidiyon jiya su rasa, alhali yana nan a ƙarƙashin wata rana daban.

Tambaya: DVR ɗina ta mutu, ko fitila ba ta kawowa. Na cire faifan na haɗa da kwamfuta, Windows ta ce sai an yi masa "Initialize". In danna?

Amsa: Kada ka danna. Rufe akwatin saƙon, ka zare faifan. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce haɗari a yau, domin danna ɗaya ke raba mutum da bidiyonsa. Windows ba wai ta ga faifan ya lalace ba ne, karatunsa ne ba ta iya ba. Masu ƙera DVR ba sa amfani da NTFS ko FAT32 a faifan ciki, kowa da nasa tsarin da ya dace da rubutu ba tsayawa. Dahua tana da DHFS, Hikvision tana da nata. Duk abin da Windows ba ta gane ba takan ɗauka sabo ne fil, sai ta nemi ta rubuta nata jadawalin a farkon faifan, wurin da na'urar kan iya ajiye bayanan tsarinta. Fomat kuwa ya fi wannan ɓarna. Irin wannan tarkon yana nan in ka sa faifan a wata DVR ta kamfani daban: za ta nemi ta yi masa fomat, wasu ma ba sa tambaya.

Kafin ka yi nisa, ka tabbata na'urar ta mutu da gaske. Sau da yawa adaftar wutar ce ta gaji. Duba rubutun jikinta, galibi 12V ne, ka gwada wata mai 12V daidai, wadda amfiyarta ta kai ta tsohuwar ko ta fi, kuma kanta iri ɗaya. Kada ka gwada cajar kwamfuta mai 19V don kan ya shiga, faifan na iya ƙonewa. Adafta mai rauni takan kunna allon cikin na'urar ta kasa juya faifan, sai DVR ta yi ta kuka tana cewa babu faifai.

Idan ta tabbata na'urar ce, hanya mafi sauƙi ita ce a samo irinta sak, kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, a sa faifan a ciki. Cire wayoyin kyamarori kafin ka kunna, don kada ta fara naɗa a kan tsohon bidiyo. Yawanci za ta karanta, sai ka fitar ta filash ko ta LAN.

In ba a samu irinta ba, sai kwamfuta. Faifan DVR yawanci SATA ne mai inci 3.5, yana buƙatar 12V da 5V, don haka 'yar adaftar USB ta faifan kwamfutar tafi-da-gidanka ba za ta juya shi ba, sai mai wutarta ta daban. A fara kwafe faifan ɗungurungum zuwa wani faifan da ya kai shi girma ko ya fi, da manhajar ddrescue a Linux, a lura sosai wane ne tushe wane ne mazubi, don in aka juya su an gama. Sannan a yi aiki a kan kwafin da manhajar ceto da ta san tsarin DVR. Manhajojin ceto na gama-gari sukan fito da gutsattsarin da ba sa buɗewa, domin na'urar tana rubuta bayanan kyamarori da yawa a cakuɗe. Idan faifan yana ƙwanƙwasa ko yana ƙara kamar ana kaɗa ƙarfe, kashe shi nan take ka kai wa masu aikin ceto, kowace kunnawa ƙara masa rauni take yi. Wanda ya riga ya danna "Initialize" kuma, kada ya ƙara rubuta komai a kai, yawancin bidiyon yana nan. Abin da na'urar ta taka da sabon naɗi ne kaɗai ya tafi har abada.

Tambaya: Tawa ta talabijin ce, dikoda mai naɗar shirye-shirye. Ina so in mayar da wasu kan kwamfuta don faifan ya cika.

Amsa: Ya danganta da irin dikodar. Idan ta tashoshin kyauta ce mai naɗa a filash ko faifan waje, aikin ba wuya. Kashe naɗin, zare faifan, soka a kwamfuta, za ka tarar da fayiloli masu .ts, VLC tana buɗe su. Dogon shiri kan zo gunduwa-gunduwa saboda iyakar nan ta FAT32. Ana haɗe su a cmd da copy /b ɗaya.ts+biyu.ts duka.ts, bisa jerin da aka naɗe su.

Idan kuwa ta kamfanin da ake biya duk wata ce, mafi yawansu a rufe suke naɗa, kuma mabuɗin yana ɗaure da wannan dikodar ko katinta. Ko ka kwafo fayil ɗin ba zai buɗe a kwamfuta ba, ko a wata dikoda irinta ma. Kafar USB ko eSATA da ke bayanta ta ƙara wurin ajiya ce, kuma faifan da ka sa za ta mayar da shi nata. Ta HDMI ma akwai kariyar HDCP, wadda ke sa na'urar kama hoto ta nuna baƙin allo. Da gangan aka yi hakan saboda haƙƙin mallakar shirye-shiryen, ba lalacewa ba ce.

An taɓa samun ƙofofin da aka bari a buɗe. A Amurka, hukumar sadarwa ta FCC ta wajabta wa kamfanonin talabijin na kebul a 2004 su ba wanda ya nema akwati mai kafar FireWire mai aiki, kuma TiVo, na'urar naɗar shirye-shiryen talabijin da ta fito tun 1999, ta kawo TiVoToGo a 2005 don kwafar shiri zuwa kwamfuta ta hanyar sadarwar gida. Duka biyun shirye-shiryen da ba a sa wa alamar hana kwafa ba kawai suke bari. In ka ga ana koyar da waɗannan hanyoyin, to na waɗancan na'urorin ne.

Tambaya: Ko akwai yadda zan sa DVR ta riƙa tura bidiyo zuwa kwamfuta da kanta, don ko an sace na'urar in sami kwafi? Kuma zan iya saukewa daga nesa?

Amsa: Akwai, ta FTP, wato hanyar tura fayiloli tsakanin na'urori ta sadarwa. Saka manhajar FileZilla Server a kwamfutar, ka ƙirƙiri sunan mai amfani tare da kalmar sirri, ka ba shi jaka guda da izinin rubutu. Ba kwamfutar adireshi tsayayye, don in rauta ta canza mata lamba turawar za ta tsaya ba tare da ka sani ba. A katangar tsaro buɗe ƙofa ta 21 da jerin ƙofofin da ka ware wa FileZilla don wucewar bayanai. Rashin buɗe waɗannan na biyun ne ke sa gwaji ya nuna an haɗu amma jakar ta zauna fayau. Sannan ka cika adireshin, suna da kalmar sirri a shafin FTP na DVR. Karanta littafin na'urarka tukuna, domin wasu hotuna kawai suke turawa ta FTP, ba bidiyo ba. Ga irin waɗannan, manhajar kamfanin a kwamfuta tana iya naɗar kwafi na biyu kai tsaye. Ka saita turawar a kan lokacin da kyamara ta ga motsi, in ba haka ba lissafin gigabait 173 na ɗazu zai cika maka kwamfuta cikin kwanaki. Hana kwamfutar barci, kuma kada ka ajiye ta ɗaki ɗaya da DVR, don wanda ya ɗauki ɗaya ba zai bar ɗayar ba.

Daga nesa, gudun aikawa na intanet ɗin da ke wurin DVR shi ne ma'auni, ba gudun saukewar naka ba. Layin da ke aika megabit 5 zai ɗauki kusan minti 24 kafin ya turo bidiyon awa ɗaya na kyamara ɗaya mai megabit 2. Ba ma ba da shawarar buɗe ƙofofin 80, 8000 ko 37777 a rauta ga duniya. A 2016 muguwar manhajar Mirai ta kame ɗimbin DVR da kyamarori ta hanyar gwada sunaye da kalmomin sirrin masana'anta, aka yi amfani da su wajen kai wa Dyn, kamfanin da ke haɗa sunayen shafukan intanet da adireshinsu, hari a watan Oktoba na shekarar, manyan shafuka irin su Twitter suka ɗauke wa mutane da yawa. Canza kalmar sirrin masana'anta, kashe UPnP, saitin da ke buɗe ƙofofi da kansa, a DVR da rauta, ka shiga ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro, idan rautarka tana da ita. Ta VPN kwamfutarka takan zama kamar tana cikin gidan, sai ka rubuta adireshin nan na 192.168 a manhajar ka sauke yadda ka saba.